Inda Za a Zuba Ƙasa

Kafin a ga ƙwayar kuza ɗaya a Riruwai
sai an yaye mata bargo:
jar ƙasa gaba bakwai, marmara, tsakuwa,
abin da ba mai saye, ba mai ci,
amma kowane sawunsa sai ya sha mai.

Ni aka miƙa wa taswira da jan biro.
Alhaji Nabage ya ce, "Ɗan'azumi,
ba ruwana da turancinka.
Nemo mini inda tifa za ta juye
ta dawo shayina bai huce ba."

Na zauna a inuwar katafila ina lissafi.
Kwarin gabas taku ɗari huɗu ne, ga gangara,
mota ta sauka da kaya kamar ana tura ta.
Tsohon ramin Turawa kuwa mil guda da ɗoriya,
ga hawa, ga duwatsu masu cin taya.
Kalkuleta ba ta da ƙauye, ba ta da dangi.
Ta ce kwari.

Na kafa turaku, na ɗaura musu jan ƙyalle.
Na huɗun ya faɗa cikin albasar Tsahara.
Ba ta ce uffan ba.
Ta dubi ƙyallen, ta dube ni,
ta ci gaba da ban ruwa da ƙwaryarta.

Da la'asar Baba Cindo ya iso yana jan ƙafa,
shi da ya yi leburanci tun ana biya da sule.
Ya tsuguna, ya ɗebi yashin rafi,
ya juya shi a tafi da ɗan ruwa
har baƙi-baƙi ya kwanta a gindin yatsunsa.
"Ka gani? Jijiyar ta nan ta bi.
Mu ma mun taɓa tula ƙasa a kan abincinmu.
Shekara uku muna kwashe
abin da muka zuba a wata shida.
Bature na zagi, mu muna ciwon baya."

Ya tofar da tukar goro, ya nuna sama da haɓa.
"Ka kuma yi shawara da malka?
Tulin da ba a daddaɓe shi hawa-hawa ba
tafiyar dare yake yi.
Wata safiya a rijiyar gari za ka same shi."

Daren nan ban runtsa ba.
Na sake lissafi da fitilar waya,
na sa abin da na tsallake da rana:
kuɗin kwasa ta biyu,
diyyar albasa,
lambatun da za a yi wa ruwa,
da lauya, in Tsahara ta gaji da shiru.
Sai araha ta kumbura kamar kullun da ya kwana,
nesa ta matso kusa.

Da hantsi na shimfiɗa wa Alhaji takarda a goshin mota.
Baƙar ƙasar sama a ware ta gefe,
a dasa mata gamba kada ruwa ya sace,
ran da muka tashi a mayar wa gona rigarta.
Sauran a kai ramin Turawa,
wanda ke haɗiye awakin gari duk damina.
Rami ya ci ƙasar rami.

Ya daɗe yana motsa baki, yana bin lambobi da yatsa.
"Dizal fa?"
Na ce, "Sau ɗaya za mu ƙona shi."
Ya ce, "Kai da tsohon nan kun haɗe mini kai."
Bai sa hannu ba, bai kuma yaga ba.
Ya ce in sassabe hawan, in miƙe hanya,
ya ga sawu nawa Ilu zai yi kafin azahar.

Na koma kwari in cire turakuna.
Uku na tarar.
Na huɗun Tsahara ta riga ta tuge shi,
ta tokare bakin kwaminta da shi,
jan ƙyallen kuwa yana wuyan ɗan akuyarta.